Faifan da Baffa Ya Fizge

Takardun kakana sun bar Salaga tun kafin a haife ni. Gwaggona ce ta tafi da su Bawku a cikin gafakar fata. Wasiƙu ne da ajami, waɗanda fataken goro suka riƙa aiko masa daga hanya, sai wata doguwar takarda inda ya jera iyaye da kakanni har zuwa garin da muka fito. Gara ta ci gefuna. Wata idan ka ɗaga sai ta marmashe a hannunka.

Hutuna na shekara ta biyu a kwaleji na yi shi a Yendi, a shagon koyar da kwamfuta na baffana, ƙanin mahaifina. Na roƙi Gwaggo ta ara mini takardun, ta aiko da su ta hannun direban lori. Mako biyu ina sa su a sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, ɗaya bayan ɗaya, sannan na mayar mata. Ranar da suka isa, Baffa ya kira ta a gabana.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Komai ya shiga kwamfuta. Abin da ya shiga nan ba ya ɓacewa."

A gidanmu takarda mai sunan Allah idan ta lalace ba a barinta tana zubewa a ƙasa ana takawa. Da Gwaggo ta ji haka, sai ta naɗe su a farin ƙyalle ta sa aka binne a bayan masallacin unguwarsu. Ita da kanta ta faɗa mini, tana murna. Daga ranar, hotunan da na ɗauka su kaɗai suka rage.

Babbar kwamfuta ɗaya ce a shagon, amma an raba cikinta zuwa ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowace da nata aiki. Ɗaya tawa ce, an maƙala mata faifan ajiya inda hotunan suke. A safiyar da abin ya faru na kunna wata manhaja da ke fito da tawadar da ta koɗe, tana sake rubuta kowane hoto a kan na da. Niyyata in ta gama in kwafe su wani waje daban. Da ma na fara kwafewa kafin gyara. Wannan laifina ne, na sani.

Sai ga Baffa da baƙo, wani abokinsa mai cinikin doya daga Karaga. Yana so ya nuna masa yadda ake cire faifai daga kwamfuta tana kan aiki a mayar wa wata, ba tare da an kashe komai ba. Ya ja kujera, ya zaɓi faifan nawa, ya danna. Allo ya ce ba zai ciru ba, ana amfani da shi. Ya sake dannawa. Amsa ɗaya.

Na san dalili. Yana rubuce a littafina, da jan biro: a fara dubawa wace manhaja ce ke riƙe da faifan, a bari ta gama ko a tsayar da ita, a saki faifan daga ciki, sannan a cire daga waje. Na matsa kusa na ce a hankali, "Baffa, akwai aikin da bai ƙare ba a kai."

"Ka ji Malama," ya ce wa baƙon. "Komai sai ta buɗe littafi. Ko ruwa za ta sha sai ta duba shafi."

"Ai gara haka, Alhaji," in ji baƙon yana dariya. "Nawa yaran ko sunansu ba sa rubutawa daidai."

Baffa ya ce, "Ina gyaran kwamfuta tun yarinyar nan tana goye. Wannan gardama ce kawai irin ta na'ura. Akwai inda ake tilasta mata."

Ba a musa wa uba a gaban baƙo. Haka aka raine ni, kuma ni ko ba baƙo maganata ba ta cika fita ba. Ina tsaye littafin yana hannuna, a buɗe a shafin, na kalle shi ya sa alama a akwatin da ke cewa a cire da ƙarfi. Allo ya tambaye shi ko ya tabbata. Na'ura ma ta tambaye shi! Ya danna. Baƙon ya ce, "Kai, ilimi!" Suka fita cin tuwo.

Kwana uku ina neman abin da zai tsira. Na maƙala faifan a wata kwamfutar, na hana a rubuta komai a kansa, na bi fayil-fayil. Wasiƙu da yawa sun dawo. Doguwar takardar ita ce manhajar ke kai lokacin da ya fizge. Tana buɗewa daga sama, rubutun kakana tsaf, suna huɗu, daga nan zuwa ƙasa toka ce a shimfiɗe. Garin da muka fito yana cikin tokar.

Da na nuna wa Baffa, ya leƙa allon ya ce, "Kwamfuta kenan, ba ta da amana." Ubansa ne fa ya rubuta takardar.

Na hau lori zuwa Bawku. Gwaggo ta kai ni bayan masallacin. An yi ruwa sau da yawa tun daga lokacin, ciyawa ta rufe wurin, kuma ba ta yarda a tono abin da aka binne da sunan Allah ba. Muka zauna a tabarma, na buɗe littafina na ce ta faɗa mini abin da ta tuna. Ta kawo suna huɗun nan da nake da su. Ta murza carbi, ta ce na biyar kamar mai jan gemu ne, ko kuwa wannan ta wajen uwa ne.

Har yau idan na je Yendi nakan durƙusa in gaishe da Baffa. Yakan ce wa duk wanda ke wurin, "Ga Malama mai littafi." Ni kuma in ce, "Ina kwana, Baffa."