Kilishin Sifaniya

Jama'a, yau na ci abin da har na mutu ba zan manta ba!

Sani direba ne ya dawo daga Sifaniya, ya raka kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, hutu bakin teku. Muna ɗakinmu na unguwar Shumaisi bayan la'asar, sai ya zaro tsaraba, nama yankan siriri a leda.

Ya ce, "Kilishinsu ne, yaji kawai babu."

Na barbaɗa yaji na hau ci. Gishiri kamar me, ga wani ƙarni!

Malam Bala abokin zamanmu ya juya ledar, ya ga hoton da ke jiki, ya ce, "Sani, wane irin rago ne da wannan hancin?"

Alade ne, wallahi! Har da murmushinsa!

Ina can ina kelaya amai, na jiyo Sani yana salati: "Ni fa da shi na yi ta karin kumallo!"