Nas Kande da Ƙwaryar Nonon Buba

Kafin rana ta ɗaga Nas Kande ta gama juya majinyatanta, ta goge musu baki, ta duba tukunyar iskar numfashi, sannan ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Ɗakin na waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu ne, a wani ƙaramin asibiti da ke karɓar mutanen Tudun Wada har zuwa Doguwa. Tun farkon shekarun tamanin take wannan zama.

Mu kuwa da me muka saka mata? Suna muka sa mata: Kande marar mutunci. Laifinta kawai ta hana 'yan dubiya cika ɗaki da tari da surutu. Abin nan yana ƙona mini rai.

A tambayi waɗanda suka ga ranar da aka kawo Buba, wani makiyayi mai noman rani a Tiga. Maganin feshi ne ya bi masa jiki, bai san inda kansa yake ba, numfashi sama-sama. Likita ya ce gubar tana cin jikin daga ciki yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kwanakin farko su ne masu hatsari. Sai ga baffansa Labaran da ƙwaryar nono, wai a ɗura masa ya karya dafin, yadda suka saba a ruga. Kande ta yi masa bayani a tsanake cewa wanda ba ya iya haɗiya, huhu nonon zai wuce, ya kashe shi. Labaran ya ɗauke ta da mari a gaban jama'a.

Ta dafe ƙofa ta ce, "Baffa, in kana so ka ƙara, amma ƙwaryar nan ba za ta shiga ba."

Ke ce kika sha mari don ɗan wani ya rayu, Kande. Ke ce kika kwashe zagin gari, ba ki taɓa ramawa ba.

Watan jiya ta ajiye aiki. Manyan da ke cika rumfa in za a buɗe sabon gini, ko ƙeyarsu ba a gani ba ranar da za ta tafi. Har yau ba a turo wadda za ta gaje ta ba, kujerar tana nan ba kowa, 'yan dubiya suna shiga yadda suka ga dama. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne duka.

Mun gode, Kande, Allah ya saka miki da alheri. Ku matasan ma'aikatan jinya, wani ya daure ya zauna a kujerar nan, ko da za a zage shi.

Mutum ɗaya ne ya zo yi mata sallama. Buba ne, da ƙafarsa, ɗauke da ƙwaryar nono. Ya durƙusa ya ce, "Inna, wannan kam ki bari ta shiga."