Tsofaffin Ɗaya ga Janairu

Shekara shida ke nan da Illo ya shigo shagona da ordinatar, wato kwamfuta, a jakar goyo, ya ce in ba shi kusurwa ɗaya ya zauna. Ni Balkisa tela ce a unguwar Maourey, kekuna biyu gare ni, wuri kuwa ko na juyawa babu. Na ce masa kusurwar da mai ita, ina nufin mutum-mutumin da nake rataya wa riguna. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce za su zauna lafiya. Ranar nan ya sa mata suna Madam Rahina.

Ɗan Dogon Dutsi ne. Ya yi lakkol, karatun boko, har inda ƙarfin babansa ya tsaya, ya zo Yamai, ya shekara uku a wani siber, shagon intanet, kusa da Babbar Kasuwa yana buga wa mutane takardun neman aiki. A can ya koya wa kansa gina shafukan intanet. Mutum ne da kullum rabinsa yana wani wuri. Sai ka kira shi sau uku kafin ya ɗago, kuma in ya ɗago ba kai yake kallo ba. Ya taɓa ce mini shi rubutun da yake yi gari yake gani, mai tituna da ƙofofi, sunayen mutane suna shiga suna fita. Na ce to, a gaida mai garin, amma ka ɗauke ƙafarka daga kan yadina.

In aiki ya cije masa, sai ya juya kujera ya fuskanci Madam Rahina, ya yi ta yi mata bayani layi bayan layi, a hankali, da ladabi. "Kin gani, Madam, nan na ce in an danna, hoto ya fito." Kafin ya kai ƙarshe sai ka ji ya ce, "Af!" Ya gano. Wata rana hoton ne ya yi wa layin intanet nauyi, wata rana wayar mai aikin ce ta riƙe tsohon shafi ta ƙi saki. Madam ba ta taɓa cewa uffan ba, amma ita ake gode wa. Ni da nake dafa shayin, ko oho.

Aikin da ya fi alfahari da shi na wata ƙungiyar likitocin ido ne, masu zuwa sau ɗaya a shekara su cire wa tsofaffi yana kyauta. Shi ya gina musu shafin rajista. Bara har babansa, Malam Isa, ya zo daga gida don a duba shi. Ya tafi shi kaɗai da sandarsa, ya dawo ya ce likita ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna. Washegari ya koma gida.

Bana, ranar Talata da hantsi, sai ga Inna Hasiya, mai sayar mana da zogale daga kasuwar Katako, tana laluben ƙofa. Idonta ya yi fari, tsabar kuɗi ma da yatsa take gane su. Ta ce ta je rajista, mai rubutu ya ce na'ura ta ce an riga an yi mata aiki bara. Kuma ranar Alhamis za a rufe, in ta wuce sai baɗi.

"Ɗana, an ce kai ka yi abin nan. Dubi idona. An taɓa shi?"

Illo ya ce ta zauna. Ya buɗe ordinatar, ya duba nan, ya duba can, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya dawo, har la'asar bai ga komai ba. Komai yana tafiya yadda ya tsara. Sai ya juya kujera.

"Madam, nan na ce kada mutum ya shiga sau biyu. In suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce, to mutum ɗaya ne, a rufe ƙofa. Haka ake koyarwa ko'ina. Ga Hasiya Amadou, ɗaya ga Janairu, 1955, an yi mata aiki bara. Ga kuma..."

Wallahi sai da na taka birkin keke. Na ce, "Kai Illo, a ƙasar nan aka haife ka kuwa? Wace tsohuwa ce ba ɗaya ga Janairu ba? Uwata ma ita ce ranarta! Wa ya rubuta musu rana a ƙauye? Mai yin katin shaida ya dubi fuskarka ya ce an haife ka wajajen shekara kaza, in na'ura ta nace sai da rana, a ba ta ɗaya ga wata ɗaya. Hasiya Amadou kuwa, a Katako kaɗai na san uku!"

Ya zuba wa titi ido. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, wai yana ganin su, tsofaffin ƙasar nan kakaf an haife su da safiya ɗaya, ana ta guɗa daga Gaya har Bilma, ungozoma ta rasa gidan da za ta shiga. Na ce ya bar mafarki ya gyara wa baiwar Allah abinta.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Ya ƙara gurbin sunan uwa da na garin haihuwa, ya bar mutum ya sa shekara kawai in ita ya sani, ya ce wa na'urar in ta ga sunaye sun yi kama ta tambayi mai rubutu, kada ta yanke hukunci da kanta. Sunan Inna Hasiya ya shiga. Na yi guɗa, har mai gyaran babur na gefenmu ya leƙo.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce bari ya ga mutum nawa ƙofar nan ta mayar tun bara. Ban da Inna Hasiya, arba'in da ɗaya ne. Yana karantawa a fili don in rubuta lambobin waya, sai ya tsaya a na goma sha tara. Na leƙa. Isa Yakuba, ɗaya ga Janairu, 1950.

Nan take ya kira gida. Ina jin muryar tsohon ta wayar.

"Baba, likita bai gan ka ba ma bara. Don me ka ce yanar ba ta nuna ba?"

Malam Isa ya ce, "Mai rubutun ya ce wani yaro gwani ne ya yi na'urar, ba ta kuskure. Na ce masa ɗana ne. To bayan wannan, in dawo in ce maka me?"

Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar nan ba. Sauran arba'in ɗin ni na kira su, da Hausa, da Zabarmancina na kasuwa. Shi kuwa da asuba ya hau motar Dogon Dutsi, ya bar ordinatar a buɗe gaban Madam Rahina.

Ranar Alhamis na rufe shago na je harabar likitocin. Inna Hasiya na zaune a benci, Malam Isa a gefenta, suna hirar damina. Illo na tsaye bayansu riƙe da sandar babansa, a karon farko da na gan shi idonsa yana inda jikinsa yake. Da aka kira Isa Yakuba, tsofaffi biyu ne suka miƙe.