Fitilar Inna Ta Je Touboro Ta Dawo

"Madam, a mayar mini da kuɗina!" Haka na ce wa matar ajans ɗin aika kaya a nan Garoua, raina a ɓace. Fitila mai sola na aika wa Inna ƙauyenmu, can bayan Touboro, sai ga ta an dawo da ita, wai ba a samu mai ita ba.

Madam ta kira ɗan mashin ɗin da ya kai. Ya rantse ya samu tsohuwar, har fura ta dama masa. Amma dokarsu, sai mai karɓa ya faɗi sunan wanda ya aiko.

Ya ce, "Na yi ta tambaya, sai ta rufe fuska ta ce, 'Yaron nan ne.'"

Madam ta dube ni. "Kai ne ɗan fari?"

Na ce e. Ta kwashe da dariya. "Ni ma tsohuwata ba ta taɓa kama sunana ba. Za mu sake kaiwa kyauta, amma in kana da ƙanwa, sa sunanta."

Jiya fitila ta isa. Inna ta kira ƙanwata, wai a yi wa "wancan" godiya.

'Yan fari, ku da me ake kiranku a gida?