Irin Kindirmon Madam Mina

Tarihin ɗan Adam, idan aka tankaɗe shi aka zubar da dusar yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna, abin da zai saura a faifai guda ne: mutum ya bar garinsu, ya ƙulle wani ɗan abu a bakin zane, ya tafi da shi. Dauloli sun tashi sun faɗi a kan abin da bai kai wannan ba. Ni malamin kimiyya ne a wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Arlit, kuma duk shekara nakan tsaya gaban allo in shaida wa yara cewa a kan uraniyom aka gina garinmu. Gaskiya ne, yana cikin littafi. Amma gidanmu a kan cokali ɗaya na kindirmo aka gina shi.

Arlit gari ne da kowa zuwa ya yi. Kakata Dije ta biyo mahaifina daga Damagaram lokacin da ya sami aikin tuƙa babbar mota a wurin haƙar ma'adinai. Ta ce ba ta yarda akwai garin da babu bishiyar kuka ko ɗaya ba, za ta zo ta gani da idonta ta koma. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana gani.

Da yake zaman banza ba ya karɓarta, sai ta kama aikin girki a unguwar manyan ma'aikata, a gidan wani injiniya Ba'indiye. Sunan matarsa Mina. Kaka ta ce wannan rabin suna ne, ta cika mata shi ya zama Amina. Madam Mina na da ɗan Faransanci, Kaka ba ta da ko na gaisuwa, amma shekara huɗu suka yi suna hira da ludayi da gira. An ɗauki Kaka ne don ta yi girki, sai aka tarar Madam ba ta iya barin tukunyarta a hannun kowa. Aikin Kaka ya koma tsayawa a gefe tana nuna rashin amincewa.

Duk da haka ta kwaso abubuwa. A gidanmu, a unguwar da wutar lantarkin da ake jawowa daga Cirozerin ke wucewa ta samanta ba ta sauka, mukan ci wake da aka dafa ya narke da kurkum har ya yi rawaya, Kaka na kiransa dal. Daf da saukewa takan ɗora ƙaramin kasko, ta zafafa mai, ta jefa tafarnuwa da hulba da busasshen barkono, ta juye a tukunya ya yi cuuu, maƙwabta su fara tari. Takan murza fulawa ta gasa capati har ya kumbura kamar kumatun mai fushi. Game da mutanen gidan kuwa hukuncinta bai taɓa canzawa ba: “Mutanen kirki ne, Allah ya sani. Sai dai ka ga rago ya wuce ta gabansu, ko kai ba sa ɗagawa.” Ita ma Madam, ranar da Kaka ta kai mata daddawa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta buɗe tagogin gidan duka.

Abu ɗaya suka yarda a kansa ba gardama: kindirmo. Madam Mina ba ta rufe cin abinci sai da shinkafa da kindirmo, kuma ba ta saye, da kanta take haɗawa kullum. Shi kindirmo, kamar yadda kowa ya sani, ba ya kamawa sai an zuba masa iri, wato ɗan cokali daga na jiya. Madam ta nuna wa Kaka da hannu cewa nata irin daga gidan uwar mijinta ya fito: an tsoma ƙyalle a ciki, an shanya, ta ƙulle shi a jaka ta hau jirgi. Mijin kan ɗanɗana ya lumshe ido, ya ce ga gida nan a tsakiyar hamada.

Ina da shekara takwas suka tafi hutun wata biyu. Madam ta miƙa wa Kaka ɗan kwanon silba mai murfi, ta ce da Hausarta, “Dije, ka riƙe. Ina zuwa.” Wata biyu ya wuce, shekara ta wuce. Aikin mijin ya ƙare daga can. Sai kati da yake zuwa duk shekara, da hoton wani gini a gaba, da layi ɗaya a baya wanda ni nake karanta wa Kaka: yaya kindirmona?

Kaka ba ta ɗauki wannan tambayar da wasa ba. An ba ta ajiya, mai ajiya ta ce tana zuwa, magana ta ƙare. Kuma ajiya ce mai rai: kwana biyu aka manta da ita a zafin Arlit, ta mutu.

Daga nan tatsuniyarmu ta samo asali. Kullum bayan sallar magariba Kaka takan dama madarar gari, ko ta akuya idan Buzayen lambu sun kawo, ta tafasa a murhun gawayi a tsakar gida, ta sauke. Ba a zuba iri a madara mai zafi, yana mutuwa. Ba a zuba shi a mai sanyi, ba ya kamawa. Sai an jira ta huce daidai yadda ƙaramin yatsa zai zauna a ciki ba tare da ya nemi fita ba. Wannan jiran shi ne lokacin tatsuniya. Ni da ƙanwata Zuwaira mukan matso kusa da garwashin, kar ɗin da ke kwasar ma'aikatan yamma na wucewa a titi, Kaka ta gyara zama.

“Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa.”

“A shimfiɗa mata tabarma,” mu ce.

Wadda ta fi yawan yi mana ita ce ta kurciyar da aka kai aure ƙasar duwatsu, inda ko ciyawa ba ta fita. Ranar tafiya uwarta ta ba ta ƙwayar gero ɗaya. Kurciya ba ta da aljihu, sai ta ajiye ta a ƙarƙashin harshe. To mai gero a baki ba ta magana. Mutanen garin suka ce an kawo musu bebiya. A gaishe ta, ta kaɗa kai. A zage ta, ta kaɗa kai. Yunwa ta zo, tsuntsaye na cin tsakuwa, ita ga abinci a bakinta, ta ƙi haɗiyewa. Hankaka ya zo ya yi mata ban dariya don ta buɗe baki, ta riƙe. Shaho ya kore ta don ta yi kururuwa, ta riƙe. Sai a shekara ta bakwai aka yi ruwa sau ɗaya. Ta tofa ƙwayar a gindin dutse, gero ya fito, garin ya ci. Ita kuwa da bakinta ya buɗe, maganar shekara bakwai ta taso mata gaba ɗaya, shi ya sa har yau kurciya ba ta yin shiru.

Wannan shi ne ƙashin labarin. Tsokarsa kuwa ta danganta da yanayi. Lokacin sanyi madara na saurin hucewa, sai kurciya ta sha wahala kaɗan: hankaka ya zo, ruwa ya sauka, a tashi. Amma a watannin zafi, lokacin da madara ke ƙin hucewa saboda iskar ma ta kusa kai ta zafi, baiwar Allah kurciyar nan takan ga tashin hankali. Bayan shaho sai muzuru, bayan muzuru sai surukai, akwai daren da har wani jami'in duwan, wato kwastan, ya tsare ta a hanya ya ce ta buɗe baki ya ga abin da ta ɗauko. Kaka na magana tana tsoma yatsa. Da ta ji daidai, ko ana tsakiyar gudu ne, sai hadari ya haɗu nan take.

“Kaka, ai muzurun bai sake ta ba,” in ji Zuwaira.

“Ruwa ya kore shi. Miƙo mini kwanon Amina. Ƙurunƙus, madara ta huce.”

Sau ɗaya ajiyar ta kusa salwanta. Wata Juma'a mahaifina ya dawo da abokan aikinsa uku, Kaka ta tafi barka, ya ga kindirmo a kwanon silba ya dama musu fura da shi. Har da kirkinsa, ya sa aka wanke kwanon tas. Da Kaka ta dawo ta duba kwanon, ta dubi ɗanta, mutum mai tuƙa motar da tayarta ta fi ɗakinmu tsawo, ta ce, “Issa, ka shanye Indiya.” Shi kuwa ya tuna yana da wani aiki a waje.

Sai ta tuna da ƙyalle. Akwai farin ƙyallen da take rufe kwanon da shi kafin murfi, gefensa ya taɓa kindirmon ya bushe. Ta yanke wurin da almakashi, ta jefa a madara mai ɗumi, ta naɗe kwanon da tsohon bargo. A daren nan kurciya ba ta ga ruwa ba. Kaka ta kai labarin shekara ta shida ta tsaya, ta ce sauran sai gobe, in Allah ya kai mu. Da asuba ta buɗe bargon, ta karkata kwanon. Madarar ba ta motsa ba, ta kama. Ta aika Zuwaira ta kai wa mahaifina cokali ɗaya, ta ce a gaya masa rabonsa ke nan na bana.

Da na shiga lise na fara jin kaina, na taɓa zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke wannan aiki, kuma a lissafi, bayan wata ɗaya babu ko ɗigo na kindirmon Madam da ya saura a kwanon. Ta saurare ni har ƙarshe, tana tsoma yatsa.

“Maigidana, kai ma babu ɗigon kakanka a jikinka. Amma ga kunnuwansa nan ka ɗauko, ko kunya ba ka ji.”

Ban sake kawo kimiyya tsakar gida ba.

Kaka ta rasu ba ta koma Damagaram ba, Madam kuma ba ta dawo ba. Kwanon ya koma hannun Zuwaira. Ko tafiya za ta yi da shi take tafiya, mijinta har ya saba ya daina tambaya.

Shekara ashirin da shida bayan tafiyar Madam, na sami tallafin ƙaro karatu na wata shida a kudancin Indiya. Zuwaira ta tsoma sabon ƙyalle, ta shanya, ta ɗinke shi a cikin hulata. A can na gane abin da kurciya ta sha. Ina da harshe uku a bakina, amma a kasuwa kaɗa kai nake yi. Abin da ya cece ni abinci ne: ranar farko da na ji cuuu daga tagar wani gida, ƙamshin tafarnuwa da barkono ya bugo ni, na tsaya a titi kamar wanda aka kira da sunan yarinta. Na yi tafiyar kwana biyu a sama don in zama baƙo, sai ga ni ina kewar Arlit saboda abincin Indiya. Ƙullin kuka da daddawar da na ɓoye a akwati kuwa, abokin ɗakina ya karɓi bayaninsu da ladabi, ya buɗe taga.

Adireshin da ke bayan katin ƙarshe ya kai ni wani gida mai bishiyar kwakwa. Madam Mina ta tsufa, ta ƙanƙance, mijin ya rasu. Na ce mata jikan Dije ne daga Arlit. Ta riƙe kunnena, ta juya shi, ta ce, “Sannu. Ka ci abinci?” Hausar da ta rage mata ke nan, kuma ta isa.

Na farke hular na ba ta ƙyallen. Ta tafasa madara, muka zauna jiran ta huce, na yi mata tatsuniyar kurciya da Faransanci, ta lokacin sanyi. Washegari na dawo, ya kama. Ta kwaɓa shi da shinkafa, ta soya 'yan ƙwayoyi da ganye a mai ta juye a kai, ta zuba mini a ganyen ayaba. Ta ci loma ɗaya ta yi shiru, ta ce lalle wannan shi ne.

Ni kuwa malami, ba a ba ni shiru in bar shi haka. Na ce mata ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan haƙuri take. Daga baya na ɗauka a kan Madam take, da ƙyallenta. Sai yanzu na ga Kaka labarin kanta take ba mu, ita da duk wanda ya sauka daga mota a Arlit da ƙulli a hannu: ba don ya ci yake riƙe da shi ba, don ya san daga ina yake. Na ce yau gero ya koma gonar da ya fito, kindirmon uwar mijinta ya zagaya duniya ya dawo gida, kuma Kaka ta sauke ajiyarta. Na yi magana mai kyau, har na yi niyyar rubuta ta.

Madam Mina ta yi ta dariya har ta share ido da gefen mayafinta. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa mijinta ba, don kada ta ɓata masa cin abinci. Irin da ta kawo daga Indiya ya mutu kwana uku da saukarta Arlit. Wanda muka raya shekara ashirin da shida, wurin wata Bafulatana ta saye shi, a bakin tasha.