Yadda Zabuwa Ta Koyi Zubar da Dawa

Ranar wata Laraba ce, a farkon kakar shekarar da na shiga aji uku. Muna tsakar gida ni da ƙannena muna ɓarar gyaɗa, rabi a ƙwarya rabi a baki, sai muka ji wani siririn ham da ba mu taɓa jin irinsa a ƙauyenmu ba. Muka watsar da gyaɗar muka fita a guje, Inna tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwaya. A ƙofar gida muka tarar da Kawu Lawal, ƙanen Inna, zaune cikin wata 'yar ƙaramar akori-kura ruwan toka, sabuwa fil, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ya fito yana gyara hula yana murmushin da ya ƙi ɓoyuwa, ya ce daga Funtuwa yake, ita kuwa motar tun daga ƙasar Sin ta taso takanas don ta kwaso mana dawa. Kafin ya rufe baki rabin gari ya taru, har da masu goyo da masu sanda.

A lokacin, motar ɗaukar kaya da muka sani ita ce tsohuwar 'yar Kwatano mai hayaƙi, irin wadda muke gani idan an tafi da mu kasuwar Sheme. Baburan China ba su daɗe da shigowa ba, mutane kuma ba su gama yarda da su ba, balle a ce mota sukutum. Babanmu ya zagaya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, ya saurara, sannan ya ce, "Lawal, wanga ai gwangwanin madara ne aka sa wa ƙahwahu." Aka fashe da dariya, Kawu ma ya yi, amma na lura da ya sa hannun riga ya goge inda Baba ya taɓa. A bayanta akwai wani rubutu mai kama da tsinke-tsinke, aka kirawo malamin aji shida na makarantarmu ya karanta, ya daɗe yana kallo, ya ce ya baro tabarau a gida. Mu yara ne muka raɗa mata suna Zabuwa, saboda launinta da ɗan ƙaramin kanta da yawan surutunta idan ta hau tudu. Kawu ya yi faɗa, ya ce a kira ta da sunan kamfaninta, amma shi kansa bai iya faɗin sunan sau biyu iri ɗaya ba, don haka Zabuwa ya zauna.

Ban taɓa ganin mutum ya so ƙarfe kamar yadda Kawu ya so motar nan ba. Kullum da safe sai an wanke ta, mu 'yan mata muke jawo ruwan daga rijiya, ladanmu kuwa a sauke mu a ƙofar makaranta kowa na kallo. Kafin ka hau sai ka karkaɗe ƙafa, wanda ya ci rake ko mangwaro ba ya taɓa fenti. Maza suka daina ƙera lori da karan dawa, kowa sai Zabuwa, mu kuma muka saka ta a cikin waƙar gaɗa, muna kwaikwayon yadda take tari kafin ta tashi. Wallahi a wannan shekarar ji nake babu yarinyar da ta kai ni gata daga nan har Faskari.

Kafin zuwanta, jakuna ne ke kawo amfanin gona. Gonakinmu suna gabas da gari, hanyarsu kuma ɗaya ce, wani matsattsen lungu mai shingen ƙaya hagu da dama, da saiwar wata tsamiya da ta gicciye shi. Daidai tsamiyar nan gidan Iya Gwamma yake. Tsohuwa ce 'yar siririya mai kaifin baki, daga gidan Maguzawa ta fito can wajen Pauwa, mijinta ya rasu tun ban san kaina ba, ɗanta guda kuma ya tafi Kudu an daina jin ɗuriyarsa. Ƙarfin noma ya ƙare mata, amma ba ta karɓar sadaka ko da wasa. Abin da ke ciyar da ita wata al'ada ce ta garinmu: zangarniyar da ta faɗo daga kan jaki a hanya, mai ita ba ya juyawa ya ɗauka, ta zama ta masu kala. Jaki kuwa in ya zo tsallake saiwar nan sai ya yi tangaɗi, damin ya gogi ƙaya, zangarniya biyu ko uku su zube. Iya Gwamma tana zaune da faifanta, sai jakin ya wuce ta tashi ta tsince. Jaki bayan jaki har kaka ta ƙare, da haka ɗan rumbunta yake cika. Sai da na girma na gane cewa magidanta da gangan suke sassauta igiyar damin ƙarshe, kuma ba wanda ya taɓa faɗa wa wani.

To, Zabuwa ba ta bin lungu. Ta bayan makaranta take zagayawa inda hanya ke da faɗi, aikin da jakuna ke shafe kwanaki suna yi ta gama shi kafin azahar. Kowa ya shiga layin Kawu. Jakuna suka samu hutun da ba su roƙa ba, suna ta birgima a bakin rafi. Mu kuma muna can ƙololuwar dammunan dawa muna ihu muna kaucewa rassan itace, muna ɗaga wa duk wanda muka wuce hannu, ko da akuya ce. Murna ta rufe mana ido gaba ɗayanmu, manya da yara, ba wanda ya tuna da tsohuwar lungu.

Ni ce na fara ganinta, ranar da Inna ta aike ni karɓo turmin aro. Tana zaune gindin tsamiya kamar kullum, faifan a cinyarta babu ko ƙwaya, tana kallon hanyar gona. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni ko bana jakunan garin nan ciwo suke yi. Na ce a'a, ai mota ta karɓe aikin, ina faɗa ina alfahari. Ta gyaɗa kai kawai. Da na leƙa ta kan danga na ga rumbunta a buɗe, kaza na shiga tana fita. Duk da ƙuruciyata na san abin da rumbu buɗe a tsakiyar kaka yake nufi. Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye muciya, ta cika ƙwarya da dawa ta ce in kai mata. Ko zama ban yi ba Iya Gwamma ta maido mini da ita a ka, ta ɗora ƙullin kuka a sama. Ta ce, "Ki ce ma uwarki na gode. Ni abin da ya hwaɗi ƙasa nike ɗauka, ba abin da aka miƙo mani ba."

Da yamma Baba ya kira Kawu zaure, ina shara a kusa ina jan tsintsiya a hankali don in ji. Bai yi dogon bayani ba, ya dai ce daga gobe dawarsa ta lungu za ta biyo. Kawu ya yi ta rantsuwa cewa lungun bai ɗaukar mota, ƙaya za ta yaga masa fenti, saiwa za ta karya masa ƙafa, motar ko wata guda ba ta yi ba. Baba ya ce to shi ke nan, zai ɗaura wa jakinsa mangala. Kawu ya fita yana gunaguni. Washegari da hantsi sai ga Zabuwa ta karyo kwanar lungu, madubanta a naɗe, tana rarrafe, ƙaya tana kuka a jikinta, Kawu yana runtse ido kamar fatarsa ake karcewa.

Sai dai Kawu mutum ne da bai iya abu kaɗan ba. Da ya zo saiwar sai ya taka mai, motar ta yi tsalle, dami guda cur ya faɗo tim a gaban tsohuwar, mu da ke sama saura kaɗan mu bi shi. Ya wuce yana washe baki, a ganinsa ya gama aikin lada a tashi ɗaya. Ba mu gama sauke kaya ba sai ga Iya Gwamma a ƙofar gidanmu, damin a kanta, wuyanta yana rawa. Ta jefar da shi a gaban Kawu, ta wanke shi tas a bainar jama'a, ta ce ko jakin da aka haifa jiya bai yar da dami guda, in bai iya tuƙi ba ya mayar wa mutanen Sin kayansu. Mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Kawu kuwa, ga fenti ya tafi, ga zagi ya sha.

Daga nan Baba ya karɓi ɗaurin kaya. Shi ke ɗora damin ƙarshe da hannunsa, ya bar bakinsa ya ɗan leƙo waje, ya sassauta igiyar daidai yadda ya saba yi wa jaki. Ya ce wa Kawu ya hau saiwar da taya ɗaya, a hankali, kada kuma ya kuskura ya kalli madubi. Ina sama a ranar, na ji motar ta ɗan karkata, ƙaya ta ja, zangarniya uku suka zube. Na kasa daurewa, na saci kallo ta ƙarƙashin hannuna. Iya Gwamma ta jira har muka kusa shan kwana, sannan ta miƙe, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta sa a faifai. Daɗin da na ji a lokacin ya fi na ranar da motar ta zo. Sauran magidanta suka gani, sai kowa ya fara cewa dawarsa ta lungu za ta bi, wai hanyar makaranta ta yi nisa. Kafin kaka ta ƙare an ɗora wa rumbun tsohuwar murfi. Wata rana Kawu ya tsaya gaishe ta, ta dubi jikin motar da ya zama zane-zane, ta ce, "To, Lawal, motar nan taka ta soma hankali." Har ya sayar da ita bayan shekaru bai sake mata fenti ba.

Yanzu irin Zabuwa sun cika ko'ina, da ƙannenta masu ƙafa uku, ba yaron da ke fitowa kallonsu. Bara na je gida da kaka, na tarar a gona ake casa da inji, a zuba a buhu, a ɗinke baki, a loda a gudu gida tun rana na sama, don zaman daji ya zama abin tsoro. Iya Gwamma ta daɗe da rasuwa, kuma har ta koma ga Allah ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Na tsaya a bakin hanya ina kallon motoci suna wucewa da buhuna a ɗinke tsaf, ko ƙwaya ɗaya ba ta zuba. Garinmu bai rasa tsofaffi masu kunyar roƙo ba. Ban san abin da suke ci ba yanzu.