Tafiyata Bafia Don Jin Dalilin Baba

Asabar, daga Briqueterie zuwa Obala

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, unguwarmu ta Briqueterie a Yaoundé ba ta gama farkawa ba. Na bi ta gaban tukubar Baba, inda ya shekara talatin yana gasa tsire. Wata takwas ke nan da ya bar wa ƙaninsa Baffa Sale wurin, ya koma wata gona kusa da Bafia. Daga can labari ya zo mana cewa ya daina cin nama, ya daina ƙwai, har nono da man shanu. A unguwa wasu na cewa asiri aka yi masa, wasu na cewa wani addini ya shiga. Inna ta daina zuwa biki saboda tambayoyin mutane. Ita ta rako ni bakin titi.

"Ki dubo min shi da idonki, Dije. A waya ba ya faɗar komai sai lafiya lau."

Ɗan moto ya kai ni tasha a Tongolo a kan babur ɗinsa, na yanki tikiti jaka biyu, shida da rabi muka tashi. Hazo ya kwanta a kan duwatsun Yaoundé, rufin gidaje kamar suna yawo a kan ruwa. Bayan Nkometou jandarmomi suka tsayar da mu, kowa ya ɗaga katin shaida ta taga, aka ce mu wuce.

Gadar Sanaga

Daga Obala gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina jin direba yana hira da Faransanci, ina ganin kaina ƙarama a kan benci, Baba yana yanko min gefen da ya fi laushi yana hura min. Ƙarar tayoyi a kan gada ta tashe ni, tara saura. Kogin Sanaga ya shimfiɗu fari fat, masu ɗiban yashi tsaye cikin kwalekwale, kai ka ce ba sa motsi.

"Hajiya, Bafia ciki ko hanya?" in ji direba.

"Kafin gari, mararrabar da ake sayar da lemo."

Goma da kwata ya ajiye ni, kilomita wajen ɗari da ashirin daga gida. Wani moton ya yi minti ashirin da ni ta cikin gonakin koko.

A gona

Na iske Baba tsugune yana cire ciyawa a kunyar yakuwa. Ya faɗa kaɗan, amma idanunsa sun yi fari. Tun da nake ban taɓa ganinsu ba sai jajaye, saboda hayaƙi.

"Uwata, ke ce tafe? Innarki ta aiko a ƙirga haƙarƙarina?"

Da aka yi azahar ya ja mu salla, ni da maƙwabtansa biyu, Bororo makiyaya. Sannan ya zubo wake da manja, dafaffiyar ayaba, da miyar yakuwa da gyaɗa. Na ci, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara.

"Likita ne farko, saboda hawan jini da gwiwa. Ya ce in rage, bai ce in bari ba. Barin nawa ne."

Ya ce wata safiya a mahauta aka farke saniyar da ya saya, sai ga ɗan maraƙi a ciki, ya yi gashi, yana motsa ƙafa. Ya sha ganin irin haka, ranar ce kawai ya kasa kau da kai. Ya dawo ya hura wuta, ya tsire nama, ya sallami masu saye, amma da ya kai yanka ɗaya baki sai maƙogwaro ya ƙi.

"Nonon fa, Baba?"

Ya nuna min rugar maƙwabtan da haɓa. "Da yamma ana ɗaure 'yan maruƙa nesa da uwayensu don a samu na tatsa da safe. Ina jin suna kiran juna. Ban ce sun yi laifi ba, abincinsu ke nan. Ni dai na kasa."

"Mutane na cewa ka haramta halal."

"Halal ne, Uwata, har gobe. Na tambayi malam kafin in taso, ya ce wanda ya bar abu bai haramta wa kowa ba, ba shi da zunubi. Layya ma Sale zai yi min, a raba. Shekara talatin ina ci ina ciyarwa. Na ci rabona."

Da la'asar muka zaga gonar. Ya san kowace bishiyar piya, yana dafa su yana wucewa. Iska ta taso daga wajen kogin Mbam, tana kaɗa ganyen ayaba. Muka zauna a inuwa har magariba ta yi. A ɗakin matar maƙwabcinsa na kwana.

Lahadi, komawa

Bakwai na safe ya rako ni mararraba da buhun dankali da piya. Na tambaye shi yaushe zai dawo.

"Ƙaurin naman unguwar can nake tsoro. Ki gaya wa Innarki ɗaki biyu na gina."

Motar ta cika a Ombessa, ruwa ya tare mu a Obala, sha ɗaya da rabi na sauka Tongolo. Ina shiga gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Yana salla?"

"Shi ke jan mutane ma."

"Ya rame?"

"Kaɗan. Gwiwar ta saki."

Na kwashe duk abin da ya ce na faɗa mata, har zancen ɗaki biyu. Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai.

"Wa ke dafa masa?"

"Shi da kansa."

"Shi? Mutumin da bai san awon gishiri a miya ba?"

Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Ina jin ta tana jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, tana tambayata ko ana samun daddawa a can ko ta tafi da tata.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa matar da ta ba ni tabarma da bargo ba ta san ni ba.